Hotunan bikin mutane sun ɓace a hannuna, wace manhaja zan dogara da ita?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a nan Maradi, sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo na biki da suna. Shagon na yayana ne, shi ya sayi kyamara da kwamfuta, ni nake aikin, muna raba abin da aka samu. Akwai yaron da ke taya ni, ɗan yayarmu ne mace, shekarunsa 16.

Ina da diski na waje guda ɗaya. Da farko da hannu nake kwafe komai a kansa, amma aikin ya kai kusan giga 600, kwafin yana cin sa'o'i, sai na fara sakaci. Wani abokina ya saka mini manhajar da ke daidaita diskin da kwamfuta, in na danna sai ta gama cikin mintoci. Makon jiya kwamfuta ta cika, yaron ya share wasu dosiye don a samu wuri, har da na wani biki da ba mu buga albam ɗinsa ba. Ya ce ya san akwai kwafi a diski, kuma gaskiyarsa ce, akwai. Da dare, ban san abin da ya yi ba, na danna manhajar kamar kullum. Da safe na duba, babu a kwamfuta, babu a diski. Katin kyamara kuwa na riga na goge shi na je wani suna da shi.

Yayana ya ce a sallami yaron, kuma ba zai ƙara sayen diski ba tunda na farkon bai tsinana komai ba. Ban gaya masa cewa ni na danna ba. Dangin amarya suna ta kira ina ce musu ana kan aiki. Abokai sun ruɗa ni: wannan ya ce in zuba komai a intanet, wancan ya ce manhajar Duplicati, wani ya ce Windows na da nata a ciki. Windows ɗina ta Faransanci ce. Na ji ana maganar ajiyar da ke ɗaukar abin da ya ƙaru kawai. Wacce zan zaɓa, kuma yaya zan yi da mutanen nan? Barci ya gagare ni.

Wani mai ɗaukar hoto, Maradi.

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yaye maka wannan damuwa. Na karanta wasiƙarka a natse, kuma na lura tambayar manhaja ka sa a gaba, amma abin da ya hana ka barci shi ne mutum uku: amaryar da ke jiran hotunanta, yaron da ake shirin sallama, da yayanka da bai san rabin labarin ba. Duk za mu taɓa su. Sai dai akwai abin da ba ya jira, bari mu fara da shi.

Daga wannan lokacin da kake karanta amsata, kada ka ƙara rubuta komai a kan diskin nan na waje, kada ka sake danna waccan manhajar, kuma ka cire katin kyamarar ka sa shi a ambulan ka ajiye. Dalili shi ne idan aka share fayil, yawanci ba a kankare shi nan take, sunansa kawai ake cirewa daga jeri a ce wurin ya zama fili. Hoton yana nan kwance har sai sabon abu ya hau kansa. Duk fayil ɗin da ka ƙara zubawa, wataƙila kan fuskar amaryar nan yake sauka. Ka fara da abu mafi sauƙi: jona diskin, ka buɗe Corbeille, wato kwandon shara na Windows, ka duba, domin diski na waje yana da nasa kwandon sharar da ke bayyana idan an jona shi, kuma da yawa daga manhajojin daidaitawa can suke jefa abin da suka cire. In babu, akwai Recuva da PhotoRec, manhajoji ne na tono fayilolin da aka share, dukkansu kyauta ne. Recuva ta fi sauƙin sarrafawa kuma takan dawo da fayil da sunansa. PhotoRec ba ta da kyan gani, tana dawo da hotuna a cakuɗe da sababbin sunaye, amma ta fi naci wajen tono. Sharaɗi ɗaya ne ba a karya shi: abin da aka tono, a wani diski daban ake zuba shi, ba a kan wanda ake tonowa ba. Ka ari diski wurin abokin sana'a na kwana biyu in ya zama dole.

Kada ka raina katin nan. Gogewar da yawancin kyamarori ke yi ta sama-sama ce, kuma hotunan suna ba su kai na biki yawa ba, saboda haka mai yiwuwa sabon aikin ya danne wani ɓangare ne kawai, sauran na nan. Inda fata ya fi ƙaranci shi ne cikin kwamfutar kanta idan diskinta irin na zamanin nan ne mai sauri da ake kira SSD, domin shi yana share wurin da aka saki da kansa ba tare da ɓata lokaci ba. Ba zan yi maka alkawarin komai zai dawo ba, amma mutane da yawa sun tsamo mafi yawan aikinsu ta wannan hanya. In hannunka na rawa, ka kai wa mai gyaran da ka yarda da shi, ka zauna kusa da shi har ya gama, don hotunan matan mutane ne.

Dangin amarya kuma, ƙanena, ka daina ce musu ana kan aiki. Kowace rana ka faɗi haka, bashin da za ka biya ƙaruwa yake yi. Maradi gari ne da labari ba ya kwana, daga Babbar Kasuwa zuwa Ali Ɗan Sofo kafin la'asar an ji, kuma gara su ji daga bakinka. Ka je da ƙafarka, ba ta waya ba, ka samu wanda ya ba ka aikin, in da hali ka tafi da yayanka ko wani babba. Ka ce an samu matsala a na'ura, hotunan sun goge, ana ƙoƙarin dawo da su, kuma ka sa musu ranar da za ka dawo da amsa ko mai daɗi ko marar daɗi. Za su ji zafi, haƙƙinsu ne, biki ba ya maimaituwa. In an yi faɗa ka sunkuyar da kai ka saurara. Idan abin bai dawo duka ba, ka mayar musu da kuɗinsu tun kafin su tambaya, ka nemi izini ka bi ƙawayen amarya da abokan ango ka tattaro abin da suka ɗauka da wayoyinsu. Ka roƙi a ba ka ta waya zuwa kwamfuta kai tsaye ko a turo ta WhatsApp a matsayin fayil, wato document, domin hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba yana raguwa, ba ya kyau a bugu. Sannan ka yi musu tayin sake ɗaukar ango da amarya cikin kayansu na biki kyauta. Ba zai maye gurbin ranar ba, amma zai nuna musu kai mai riƙon amana ne da tsautsayi ya faɗa wa.

Yanzu ga abin da ya faru a daren nan, don in ba ka gane shi ba, ko wace manhaja ka saka za ka iya sake faɗawa. Abin da abokinka ya saka maka aikinsa shi ne ya mai da diski daidai da kwamfuta. An ƙara abu a kwamfuta, ya ƙara a diski. An share a kwamfuta, ya share a diski. Bai yi kuskure ba, abin da aka ce ya yi shi ya yi. Irin wannan tsari yana kare ka daga abu ɗaya tak, wato mutuwar diskin kwamfuta. Ba ya kare ka daga hannun mutum, ba ya kare ka daga fayil ɗin da ya lalace, don lalataccen zai hau kan mai kyau ya danne shi. Abin da kake buƙata shi ne ajiya mai tuna jiya da shekaranjiya, wadda za ka ce mata nuna mini dosiyen nan yadda yake ranar Talata kafin azahar, ta nuna maka.

A nan ne ajiyar ƙari ta shigo, wadda za ka ga an rubuta sauvegarde incrémentielle a manhajojin Faransanci. Ka dubi yadda mai shago ke riƙe littafin bashi: ba ya sake kwafe littafin gaba ɗaya kowane dare, abin da ya shiga yau kawai yake ƙarawa da kwanan wata, kuma shafin makon jiya yana nan in an yi gardama. Haka take. Ranar farko tana ɗaukar giga 600 ɗin nan duka, wannan zai ci dare guda ko fiye. Daga nan kuma sai sabo da wanda aka canza. In ka dawo daga biki da hoto 500, kowanne wajen mega 25, giga 12 da ɗoriya ke nan, mintoci kaɗan sun isa. Abin da ya sa ka gaji da kwafin hannu ya kau, kuma tsohon bai ɓace ba.

Akwai wani abu da masu sayar da manhaja ba sa yawan faɗa. A tsohon salo, kowace ajiyar ƙari tana rataye ne a kan wadda ta gabace ta, ta Laraba a kan ta Talata, ta Talata a kan ta Litinin, har zuwa cikakkiyar farko. Idan ta tsakiya ta lalace, ta yiwu duk na bayanta su ƙi buɗewa. Shi ya sa aka fito da wani salon da kullum yake ɗaukar duk abin da ya canza tun daga cikakkiyar farko, ya fi cin wuri amma guda biyu kawai kake buƙata wajen dawowa. Manhajojin zamani irin su Duplicati da restic da Borg wata hanya suka bi: suna yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa sau ɗaya ake ajiye ta, sannan kowace rana a rubuta jerin gunduwoyin da suka haɗa ta. Dabara ce mai kyau ƙwarai ga takardu da lissafi. Ga mai hoto da bidiyo kuwa ribarta ba ta da yawa, domin hoto da bidiyo a matse suke tun asali, kuma da wuya a sami gunduwa iri ɗaya a cikin hotuna biyu.

Saboda haka kafin sunan manhaja ya ruɗe ka, ka yi mata tambayoyin da suka shafe ka. In an share abu a kwamfuta, tana riƙe shi, kuma har tsawon wane lokaci? Tana tashi da kanta ko sai ka tuna? In kwamfutar nan ta mutu yau ka ɗauki diskin zuwa shagon wani, za ka iya buɗe hotunanka ba tare da intanet ba? Wannan ta ƙarshen ita na fi ba nauyi a wurinka, domin ranar da za ka buƙaci ajiya ba rana ce ta natsuwa ba, rana ce da mai biki ke tsaye a kanka.

Da wannan ma'auni, ni abin da zan ce ka fara da shi shi ne wanda ke cikin Windows ɗinka, wato Historique des fichiers. Tun Windows 8 a 2012 yake nan, ba sai ka sauko da komai ba, ba sai ka biya ba. Ka nemo shi a Panneau de configuration, ka nuna masa diskin, ka kunna. Yadda ya zo, kowace sa'a yake duba abin da ya canza ya kwafe, kuma kana iya rage tazarar ko ka ƙara. Abin da na fi so game da shi, hotunan suna zama a diskin a matsayin fayiloli na yau da kullum, kwanan wata da lokaci kawai yake liƙa wa sunansu, saboda haka ko a wace kwamfuta ka jona za ka gan su. Da shi ne ke aiki a daren nan, da dosiyen bikin yana nan, ka danna kibiyar baya zuwa jiya ka dawo da shi. Amma ka kula da abu biyu. Na ɗaya, wuraren da ya sani kawai yake bi, su Documents da Images da Vidéos da Bureau. In kana zuba aikinka a wani ɓangare daban kamar D, sai ka shigar da dosiyen cikin bibliothèque, wato jerin dosiyen da Windows ke tarawa wuri ɗaya, in ba haka ba zai yi ta aiki kana murna alhali bai taɓa hotunan ba. Na biyu, in fayil ya canza ko kaɗan, dukansa yake sake kwafewa, don haka babban bidiyon da kake ta gyarawa kana adanawa zai cinye wuri da sauri. Ka riƙa leƙa yawan filin da ya rage duk mako, don in diski ya cika aikin tsayawa yake yi.

Wannan diski na shago ke nan. Kana buƙatar na biyu wanda zai kwana a gida, kuma ba a nan gizo ke saƙa ba sai a batun cikar kwamfuta, wanda shi ne asalin abin da ya jawo wannan duka. Kwamfutarka za ta ci gaba da cika, dole a riƙa share tsofaffin bukukuwa. To duk dosiyen da aka cire daga kwamfuta ya rage a diski ɗaya kawai, ba ajiyayye ba ne, kwafi ɗaya ne tilo mai jiran tsautsayi. Kuma Historique ba rumbun dindindin ba ne, in ka sa masa wa'adi ko ka ce ya share tsoho don samun fili, abin da babu shi a kwamfuta yana iya tafiya. Don haka ka kafa doka: ba a share biki daga kwamfuta sai an miƙa albam, kuma an ga dosiyen da ido a diski biyu, a wani wuri da ka ware na ayyukan da aka gama. Ga diskin gida, FreeFileSync za ta yi maka, kyauta ce kuma tana jin Faransanci. Amma ka zaɓi Mise à jour, kada ka zaɓi Miroir. Na farkon yana ƙara sabo ne ba ya share komai a diski, na biyun shi ne irin tsarin da ya cuce ka. Ka kuma kunna mata wurin da ke cewa a adana tsohon fayil a wani dosiye da kwanan wata idan za a maye gurbinsa. Sau ɗaya ko biyu a mako ka zo da diskin, ka yi, ka mayar da shi gida.

Abokinka mai cewa a zuba komai a intanet yana da gaskiya ta wani gefe, domin gobara ko ɓarawo ba sa kai wa can. Amma ka yi lissafi. Google na ba da giga 15 kyauta, kuma da Gmail ake raba su. OneDrive giga 5, Dropbox giga 2. Biki ɗaya ya cinye na Google ɗin. Ga kuɗin data, ga jiran hawa. Kuma su ma waɗannan asalinsu daidaitawa suke yi, abin da ka share a nan yana tafiya kwandon shara a can, a Google Drive bayan kwana 30 ya wuce. Abin da ya dace da intanet a wurinka shi ne ƙananan abubuwa masu tsada: littafin kuɗin shago, lambobin masu biki, da zaɓaɓɓun hotunan albam da aka riga aka gyara. A nan Duplicati take da amfani, don tana kulle komai da kalmar sirri kafin ya bar kwamfutarka, kuma ƙari kawai take turawa. Wannan kullewa ba ƙaramin abu ba ne ga mai sana'arka. A hannunka akwai hotunan mata a cikin gida ranar lalle da kamu, waɗanda ba don idon duniya aka ɗauka ba. Sai dai ka sani, in kalmar sirrin ta ɓace babu wanda zai buɗe maka, ko waɗanda suka ƙera manhajar. Ka rubuta ta a takarda biyu, ɗaya wurinka ɗaya wurin yayanka. Ban ba ka shawarar ka ɗora mata giga 600 ɗin ba, domin tana tara su ne cikin ƙullaffun fayiloli da sai da ita ake buɗewa, kuma in kwamfuta ta mutu, sake gina jerinta a kan babbar ajiya yana cin lokaci mai yawa.

Sauran da za ka ji ana ambata, Time Machine na masu kwamfutar Mac ta kamfanin Apple ne, restic da Borg kuma da rubuta umarni ake sarrafa su, ba naka ba ne a yanzu. Wadda za ka iya dubawa nan gaba ita ce Veeam Agent, tana da nau'in kyauta, tana ɗaukar kwamfutar dukanta har da Windows da manhajojin gyaran hoto, tana iya fara aiki da zarar an jona diski ta kuma cire shi in ta gama. Amma kada ka tara manhajoji huɗu a mako ɗaya. Ka fara da ɗaya, ta zauna, sannan ka ƙara.

Tsarin nan da na zayyana maka shi ne ake kira 3-2-1, kuma wani mai ɗaukar hoto ne ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa shi, wato ɗan sana'arku ne: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Diskin gida yana da wani amfanin kuma, shi ne ba a jone yake ba. Akwai ƙwayar cutar kwamfuta da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ta bazu a ƙasashe sama da 150 a watan Mayun 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Irin wannan duk diskin da ta tarar a jone da shi take haɗawa. Kai kuwa kullum ana kawo maka kilen USB da katin waya daga ko'ina ana jonawa.

Wajen saye, ka nemi tera 2, domin tera 1 giga 931 za ka gani a kwamfuta, kuma tarihi yana son fili. Ka ɗauki ƙaramin diski mai shan wuta daga kwamfutar kanta, ba babba mai filogi ba, saboda in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, batirin kwamfutar zai riƙe shi in ta tafi-da-gidanka ce. Ka tabbata tsarin ajiye fayilolinsa NTFS ne, don wani tsohon tsari mai suna FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4, bidiyon biki kuwa yakan wuce. Jabu na yawo a kasuwanni, musamman kile da kati masu nuna girman da ba su da shi, akwai ƙaramar manhaja H2testw da ke cika su ta karanta ta faɗi gaskiyar girmansu, ka gwada kafin ka ba su amana. Ka san zafin bazara a garin nan yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu. Kada ka bar diski a cikin akwatin babur a rana, kada ka ɗaga shi yana aiki, ka cire shi ta hanyar da Windows ta tanada, ka sa shi a jaka mai laushi in za ka hau kabu-kabu.

Sai yayanka. Ka yi masa adalci, maganarsa ba ta banza ba ce: ya fitar da kuɗi ya sayi diski don irin wannan rana, ranar ta zo bai ga amfaninsa ba. Duk wanda ya zuba jari haka zai ji. Amma hukuncin da ya yanke a kan rabin labari ya yanke shi, kuma sauran rabin yana hannunka. Ka same shi shi kaɗai bayan isha, ka ce Yaya, akwai abin da ban faɗa maka ba, yaron ya share na kwamfuta ne da sanin akwai kwafi, ni na danna abin da ya share kwafin, ban sani ba. Zai yi fushi, wataƙila ya yi maka faɗan da bai taɓa yi ba, amma na fi yi maka tsoron ranar da zai ji daga bakin wani, ko ranar da yayarku za ta gane an kori ɗanta a kan abin da kai ka ƙarasa. Wannan yana iya ɓata zumunci na shekaru. Batun sabon diski kuma kada ka tsaya dogon bayani. Ka kunna Historique a diskin aro, ka kira shi, ka ce ya zaɓi hoto ɗaya ya share da hannunsa, ya kwashe Corbeille ma, sannan ka dawo da shi yana kallo. Ka tambayo farashi a kasuwa ka ajiye masa kusa da kuɗin bikin da za ku mayar. In har yanzu ya ƙi, ka ce a cire daga kasonka kaɗan-kaɗan. Sunanka ne ke kan aikin, ya cancanci ka saya da guminka.

Yaron nan kuwa, ina roƙonka ka tsaya masa. Ya yi kuskure da bai tambaya ba, a gaya masa wannan sarai. Amma ya yi tunani kafin ya share, ya san akwai kwafi, kuma ba wanda ya taɓa bayyana masa yadda manhajar ke aiki, tunda kai ma ba a bayyana maka ba. Yaro ɗan shekara 16 da ya ga babban mutum ya ɗauki nasa kason laifin a gaban yayansa, ba zai manta ba. Ka hana shi share komai sai da izininka, sannan ka ba shi aikin da zai dawo masa da ƙarfin gwiwa: duk Juma'a bayan an sauko masallaci, ya zaɓi hotuna uku daga bukukuwa daban-daban, ya dawo da su daga diskin zuwa wani dosiye na gwaji, ya buɗe su ya ga sun fito, ya rubuta kwanan wata a littafi. Manhaja tana iya tsayawa watanni ba wanda ya lura, wannan gwajin ne kawai zai tona. Kai kuma naka shi ne kada kati ya sake gogewa sai hotunansa sun kwana a wuri biyu, in da hali ka ƙara kati ɗaya don kada gaggawar aikin gobe ta tilasta ka.

Gobe da safe ka fara da katin da Corbeille, da yamma ka ga yayanka, jibi ku je gidan su amarya tare. In ka sake rubuto mini, ka faɗa mini ko diskin kwamfutarka SSD ne da kuma ko Windows 10 ce ko 11, domin Microsoft ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, kuma hakan zai shafi abin da zan ce ka yi na gaba. Allah ya dawo maka da hotunan nan, ya sanyaya zukatan masu su.